Umrar birkila: abinda idona ya gano min daga Madina zuwa Jidda

Duk wanda ya sanni ya san sana'ata gini ce, tun ina ɗaukar kwanon sarki a Tudun Wadan Zariya har Allah yasa yanzu nake ɗan karɓar kwangila, gida ɗaya, jerin shaguna, wani lokacin katangar makaranta. Toh da Allah ya nufe ni da zuwa Umra, abokan tafiyata hankalinsu na kan dabino da jallabiya da zinaren da madam tace a dubo mata, ni kuma wuyana har ciwo ya riƙa yi saboda ɗaga kai. Ibada dai anyi, Allah ya karɓa mana, ba labarinta zan bayar ba don waɗanda suka fini sani sun sha bayarwa. Ni labarin siminti da rodi nazo dashi.

A Madina muka sauka. Ɗan kawuna ne ya taryemu, shi haifaffen Makka ne, bai taɓa taka Najeriya ba amma Hausa a bakinsa tas, sai dai duk jimla uku sai ya jefa khalas ko yaani a ciki. Aikin wayarin yake a kamfanonin gini, don haka mun dace da juna, ni ina tambaya shi yana amsawa.

Abu na farko da ya tsayar dani cak shine lemomin harabar masallacin Manzon Allah (SAW). Kowa ya gansu a hoto, amma hoto baya nuna maka yadda suke buɗewa. Bayan Asuba na samu gindin ɗaya na zauna. Sai kaga abin da da daddare ka ɗauka fila ce kawai doguwa mai fitila, ta fara motsi daga sama, hannuwanta na fita a hankali ba ƙara ba gurnani, zanen yana warwarewa, cikin 'yan mintuna sararin sama ya rufe. Abinda ya fi ɗaure min kai, ba tare suke buɗewa daidai wa daida ba, wata tana ɗan riga maƙwabciyarta, kuma wata ta ɗan fi wata tsawo, don gefen wannan ya hau kan gefen waccan ba tare da sun yi karo ba. Duk wanda ya taɓa ɗora kwanon rufi ya san ma'anar wannan hawa da juna ɗin, shine yake hana rana samun kafa. Guda 250 ne, kowacce faɗinta ya kai wajen mita 25, an gama kafa su a 2010. Nace wa ƙanin nawa, waye ya zauna yayi wannan tunanin? Yace, Yaya ai Bajamushe ne, amma Musulmi, Mahmud Bodo Rasch, ofishinsa na Jamus ne ya zana. Ƙarfen da injin da ke motsa shi Liebherr suka ƙera, waɗanda muka sani da manyan ƙugiyoyin ɗaga kaya, zanen kuma daga Siwizalan aka saƙo shi, da wani zare na teflon da rana bata cinsa. Babban ɗan kwangilar kuma kamfanin Bin Ladin na nan gida Saudiyya. Lema ɗaya, ƙasa uku. Kuma babu wani abu a jikinta da aka yi a harabar masallacin in banda tona rami da zuba tushe, komai zuwa dashi akayi aka ɗaura.

Sanyin cikin masallacin ma haka. Na duba ko ina banga injin esi ko ɗaya ba, ban ji ƙararsa ba, iska kawai ke fitowa ta ƙasan ginshiƙai. Ashe injinan suna can wajen kilomita 7 daga masallacin, acan ake sanyaya ruwa a turo shi ta bututu a ramin ƙarƙashin ƙasa, don kar ƙara ta dami masu sallah. Mu kuwa janareta a jikin tagar liman muke ajiyeta, ana Fatiha tana amin.

Daga Madina zuwa Makka jirgin ƙasan Haramain muka hau. Kilomita 450 ne, yana gudun 300 a awa, awa biyu da 'yan mintuna kun iso, hanyar da tsofaffinmu suke bada labarin sun kwana a mota akanta, na gabansu kuma a kan raƙumi. An buɗe shi a 2018. Nan ma da ka fara tambaya sai kaga duniya ce ta taru: taragun na Talgo ne na ƙasar Sifen, shimfiɗa dogon da wutarsa da sigina suma mutanen Sifen ne tare da kamfanonin Saudiyya, aikin ƙasa da gadoji akwai 'yan China a ciki, tashoshin kuma ofishin Norman Foster na Ingila ne ya zana su. Tashar Madina da ta Makka da ta Jidda in ka lura duk zubi ɗaya ne, ginshiƙan ƙarfe ne da suke buɗewa a sama su riƙe rufi, an maimaita su sau da yawa, kalar rufin ce kawai ta bambanta. Wato an zana guda ɗaya da kyau, sai akayi ta buga irinta. Ta taga ina kallon inda rairayi ya taso har gefen hanya, ƙanina yace wannan rairayin shine babban abokin gabar jirgin, shiyasa a wasu wuraren basu zuba tsakuwa a ƙarƙashin dogon ba kamar yadda muka saba gani, kankare suka shimfiɗa, saboda yashi in ya cika tsakanin tsakuwa ya kashe amfaninta. Jirgin Turai ne amma sai da hamada ta sa aka sake masa tunani.

Makka kuma tun daga nesa agogo ne zai fara yi maka sannu da zuwa. Tsawon ginin da agogon yake kai mita 601 ne, fuskar agogon kaɗai mita 43, an kammala a 2012 a inda a da akwai tsohuwar ganuwar Turkawa ta Ajyad da aka rushe a 2002 har da dutsen da take kai. Zanen ginin na Dar Al-Handasah ne, kamfanin da asalinsa Labanon, injin agogon na Jamusawa, fuskarsa kuma ba kankare bace ba ƙarfe ba, wani haɗi ne mara nauyi irin wanda ake jikin jirgin ruwan tsere dashi, a Dubai akayi shi gunduwa gunduwa aka kawo. Gaskiya in faɗa muku ra'ayina, aiki ne na ban mamaki amma ni bai kwanta min ba. Kana ɗawafi ka ɗaga kai don addu'a sai kaga otal na leƙenka. Na san akwai masu cewa ina za'a zuba miliyoyin mutane in ba'a hau sama ba, kuma suna da hujja, amma dai zuciyata bata so shi a wurin ba.

Wanda ya burgeni na ƙasa ne, wanda muke takawa. Da azahar rana na dukan tsakar ka, na cire takalmi na taka farin mabul ɗin da ke kewaye da Ka'aba ina jiran inji zafi, shiru. Wani Alhaji a tawagarmu ya rantse min wai akwai bututun ruwan sanyi a ƙasa. Babu. Dutsen ne haka, daga wani tsibiri na ƙasar Girka ake yanko shi, Thassos, farinsa ya kai inda yake mayar da hasken rana maimakon ya shanye, kuma da kauri aka yanka shi ba irin falle fallen tayil da muke mannawa ba. Na tsuguna kamar mai gyara igiyar harami na sa farce a tsakanin guda biyu, farcena bai shiga ba. Wanda ya shimfiɗa wannan, ko daga ina yake, Allah ya saka masa, ya san aikinsa.

Kawuna yana zaune a can wajen Shari Mansur, inda in ka shiga sai ka rantse kana Fagge: masu tsire, masu waina, mata na saida yaji da kuka da daddawa, yara na faɗa da Larabci iyaye na raba su da Hausa. Tun yana saurayi yazo aikin Hajji bai koma ba, birkila ne shima, a hannunsa ma mahaifiyata tace na gado abin. Yanzu ya tsufa, gwiwa ta ƙi. Muka zauna a ɗan tsakar gidan da yake haya aka kawo shayi mai na'ana'a, nace Kawu ni fa na ga abin mamaki a garin nan naku. Yayi dariya yace, ɗan nan ai mu da muke ciki mun daina mamaki, sai dai mu ƙirga unguwar da ta rage.

Ya bani labarin yadda sukayi aiki a da. Mai gida zai zo da kansa ya nemi mu'allim, ayi ciniki baki da baki, a hau dutse da jaki ko a ka a kai bulo da siminti don mota bata hawa, mu'allim shine injiniya shine mai zane, da sanda zai zana ɗakunan a ƙasa. Hausawa da Yamalawa sune 'yan gini, yace akwai lungun da in ya bi zai nuna min gida goma da hannunsa ya ɗora. Sai yace amma ba zan iya kaika ba, babu su. Ya miƙa hannu ta saman katanga ya nuna min wajen da ƙugiyoyi suka yi cirko cirko, aikin da suke kira Masar kenan (sunan aikin ne, ba ƙasar Masar ba), wata ƙatuwar hanya ce mai tsawon kusan kilomita 3 da rabi da aka tsaga tun daga mashigar gari ta ɓangaren Jidda har kusa da Harami, za'a jera otal otal da kasuwanni a gefenta. Ta cikin unguwannin talakawa ta bi, dubban gidaje suka tafi. Mai takardar mallaka ɗan ƙasa an biyashi diyya, ɗan haya mai iƙama, wato takardar izinin zama, kuma sai ya kwashe komatsansa ya ƙara gaba, in ma yana da iƙamar. Kawu bai faɗi haka da ɗaci ba, ya ma ce lungunan nan in gobara ta tashi motar kwana kwana bata iya shiga, gaskiya ne. Kawai dai yace abokan zamansa na majalisa sun watse, wani Taif wani Jidda wani an yi masa tarhil, wato an mayar dashi ƙasarsa.

Washegari ƙanina ya samo min hular kwano da riga mai walƙiya ya shigar dani inda suke aiki, wani otal ne ake ɗagawa, ba cikin manyan nan ba ma. A nan ne na gane abinda ya canza, kuma shine dalilin wannan dogon surutun nawa. Na shiga ina neman tulin yashi, babu. Ina neman inda ake kwaɓa siminti, babu. Babu mai shebur, babu mai kwanon sarki, babu kafintan da ke buga katakon dakin yana cizon ƙusa a baki. Tirela ce ta shigo da falankin kankare dogaye masu ramuka a ciki, an riga an zuba su a masana'anta sun bushe, kowanne da lamba a jikinsa, ƙugiya ta ɗauka, mutum uku suka karɓa suka zaunar, kafin mu gama zagaye an rufe rabin hawa. Aikin da ni zan tara lebura talatin tun Asuba, in yanka musu akuya, sannan in jira sati uku kafin in cire katako. Can kuma sai ga wani akwati naɗe da leda yana lilo a sama, nace wannan fa? Yace banɗaki ne Yaya. Banɗaki sukutum, da tayil ɗinsa da madubi da famfo da wayarin, a masana'anta aka gama shi, za'a tura shi gurbinsa a haɗa bututu shikenan. Wallahi sai naga ginin ya koma kamar sabon babur da ake kawowa a kwali, aikinka kawai ka ɗaure noti inda aka ce.

Foman ɗin ɗan Masar ne, ba takarda a hannunsa sai kwamfutar hannu, ya juya min ginin gaba ɗaya a allo, ya cire bango da yatsa muka ga bututun ruwa da na esi da na wuta kowanne da kalarsa. Yace tun kafin a tona tushe kwamfutar ta nuna musu duk inda bututu zai ci karo da bim, aka gyara a can. Na tuna sau nawa na gama filasta mai kyau, fulamba yazo da guduma da kurfi ya farfasa min bango don bai san ta inda zai bi ba. Masu zanen ma wai rabinsu basu taɓa zuwa Makka ba, ba ma zasu iya zuwa ba tunda ba Musulmi bane, wasu suna Indiya wasu Turai, ta intanet ake turo gyara da daddare a wayi gari dashi. Wanda dole sai ya gani da ido sai a nuna masa ta kyamara.

Inda ake zuba kankare a wurin kuwa, kamar filoli da tushe, sai dare. Motar kankare zata zo da shi a kwaɓe, kuma da ƙanƙara ake kwaɓa shi lokacin zafi, don in yayi zafi da yawa yana kamawa da wuri ya tsattsage. Kafin a sauke sai wani ɗan Filifin yazo ya soka ma'aunin zafi, ya cika wasu 'yan gwangwanaye da za'a kai a matse a ga ƙarfinsa, in bai kai ba motar zata koma da kayanta. Na tambaya ko ana ɗan yin magana da shi ya kau da kai, suka kalleni kamar nayi saɓo. Ba wai don sun fimu tsoron Allah bane, lambar motar da sunan wanda ya sa hannu suna cikin kwamfuta, ko bayan shekaru abu ya tsage an san wuyan wanda za'a kama.

Bulon da naga suna ɗan amfani dashi a bangon waje ma na ɗaga ɗaya na duba, yana da farin soso a tsakiyarsa don tare zafi, doka ce sai da abin tare zafi. Wannan kam ya shiga raina, don ɗakin bulo da kwano a watan Afrilu a Zariya kowa ya san azabarsa.

Su waye ke aikin? 'Yan Bangaladash ne suka fi yawa, sai Pakistan, Indiya, Nepal (su kam sai a wajen garin Makka), Misirawa, 'yan Yaman. Wani irin Larabci suke yi da babu shi a littafin kowa, sadik jib haza, mafi mushkila, sawa sawa, kullu tamam, kuma aiki na tafiya. Da lokacin cin abinci yayi na zauna da wasu a inuwar kwantena, kowa ya buɗe 'yar kularsa, shinkafa da miyar wake mai ruwa ruwa, suka matsa min sai na ci. Ɗaya ya nuna min hoton 'yarsa a waya, yace bashi yaci ya biya dillali kafin ya samu biza, har yanzu bai gama biya ba. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, wannan an yi abin kirki, amma zafin Makka baya duba agogo, ƙarfe 10 na safe ma rodi baya taɓuwa da hannu. Injin ya zama na zamani, allon ya zama na zamani, amma rayuwar lebura tana nan inda na santa. Kuma kar mu manta ƙugiyar da ta faɗo cikin Harami a watan Satumban 2015 ana iska da ruwa, mutum sama da 100 suka rasu har da 'yan Najeriya, Allah ya jiƙansu. Babban inji in ya kuskure, kuskurensa ma babba ne.

Bahaushe a wurin, ƙanina ne kaɗai sai wani direban tifa. Nace ina 'yan uwanmu? Yace Yaya kamfani baya ɗaukar mutum a bakin titi yanzu, daga ƙasarsu ake ɗebo su ɗari ɗari da kwantiragi, har jarrabawar sana'a ake musu, su kuma namu da yawa ko takardunsu basu cika ba ko basu da shaidar koyon aiki, sai 'yan gyare gyare a cikin unguwa. Shi ma don ya lallaɓa yayi kwas ɗin wuta ne.

Mun leƙa Mina duk da ba lokacin Hajji bane, fayau ba kowa. Tantunan nan ba zane bane, bayan gobarar 1997 da ta ci mutum sama da 300 aka sauya su da wani yadi na zaren gilas da wuta bata kamawa. Gadar jifan Shaiɗan kuma bayan turmutsutsun 2006 aka rushe tsohuwar aka yi wannan mai hawa biyar, tsawonta mita 950, ita ma gunduwa gunduwa aka zubo ta daga masana'anta don dole ayi aikin tsakanin Hajji da Hajji, har masana lissafin tafiyar taron jama'a aka ɗauko daga Turai suka duba ta ina mutane zasu shiga ta ina zasu fita kar su haɗu. Jirgin da ke bi ta sama zuwa Muzdalifa da Arfa, kilomita 18, kamfanin China ne CRCC ya gama shi a 2010, kuma CCECC da suka yi mana dogon Abuja zuwa Kaduna reshensu ne. Kaga hannun da ya taɓa Arfa shi ya taɓa Rigasa.

Jidda muka ƙare. Ƙanina ya bi dani ta inda Karantina da Sabil da Gulail suke a da, duk Bahaushen da ya taɓa zama Jidda ya san sunayen nan. Tun ƙarshen 2021 aka fara rusau, unguwanni sama da 60, yanzu fili ne fetal iya ganinka, sai masallaci can guda can guda da aka bari a tsaye. Bamu daɗe ba, shima bai son tsayawa.

Daga arewacin gari kuma ga Hasumiyar Jidda da akeso ta wuce mita 1,000 ta doke Burj Khalifa mai 828, kuma mutum ɗaya ne ya zana su duka biyun, Adrian Smith na Amurka. An fara a 2013, aiki ya tsaya a 2018 tana hawa sittin da wani abu, ta shekara da shekaru a haka, sai farkon 2025 aka dawo. Na ɗan ji sanyi a raina, ashe ba mu kaɗai ke da kango ba.

Amma inda na fi daɗewa shine Balad, tsohon garin, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 2014. Gidaje ne hawa huɗu hawa biyar da aka gina da dutsen murjani da ake haƙowa daga bakin teku, dutse ne mara ƙarfi sosai, don haka duk bayan 'yan layuka sai su kwantar da katako a cikin bangon ya ɗaure shi ya raba nauyi. Na tsaya ina shafa wurin, don wannan dabarar kusan ita ce tamu ta azara a ginin ƙasa. Tagogin katako da suka turo waje, rawashin, iska na shiga rana bata shiga, na ciki na ganin na waje na waje baya ganinsa, kuma katakon daga Indiya da Jawa jiragen ruwa suka kawo shi. Ashe kawo kayan gini daga wata duniya ba yau aka fara ba a garin nan, bambancin shine a da kayan ne ke zuwa, gwanin yana gida. A gaban gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, akwai tsohuwar bishiyar darbejiya, a nan na huta ina kallon masu gyaran wani gida suna kwaɓa farar ƙasa maimakon siminti, don siminti yana riƙe danshi ya cinye dutsen. Su kam da hannu suke yi, da cokali, a hankali, kuma ance neman irinsu ake ruwa a jallo. Sai na tuna masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen 1830 da wani abu, da bakan gizonsa na ƙasa da azara, yau mutum nawa suka rage a Zazzau da zasu iya ɗaura irinsa? Ni kaina da nake cika baki ban iya ba.

Daren da zamu taso na koma sallama da Kawu. Ya sa aka fito masa da wata tsohuwar jaka, ya zaro takardar fili, ashe tun shekarun baya ya aika kuɗi aka saya masa a bayan Kofar Gayan. Yace ɗan nan, ɗaki biyu da zaure nakeso ka ɗora min, in Allah yasa na dawo in samu inda zan sa haƙarƙarina, in kuma ƙasar nan ce ta riƙe ni toh yaran su san suna da wuri. Nace Kawu an gama, har ma zan gwada maka bulon nan mai soso in na samu mai buga min. Ya girgiza kai yace a'a, shi tubali yakeso, ginin ƙasa, rufin soro. Nace Kawu masu yin wannan fa sun yi wuya yanzu, kuma duk damina sai an bi shi da yaɓe, wa zai riƙa yi? Yace kai zaka riƙa yi mana, ba kace kai ɗan kwangila bane. Ƙanina na gefe yana dariya yana cewa khalas Baba a yi masa na kwali kawai a aika a jirgi. Muka yi ta ja har aka kira Isha, a ƙarshe muka tsaya a kan zaure na ƙasa, ɗakuna na bulo, kuma ya ce kar in kuskura in sa tushe sai na kira shi ta bidiyo ya ga zurfin ramin da idonsa.